Kowa da Jakarsa: Yini Guda a Filin Golf na Stanford

Da ɗan 'yar'uwata ya ce, "Kawu, gobe zan kai ka kallon ƙwallo," ban tambaye shi wace iri ba. A wurin wanda ya tashi a Kano ƙwallo ɗaya ce, wadda ake bi da ƙafa ana ihu. Sai da jirgin ƙasa ya bar tashar San Jose ya miƙi hanyar arewa sannan ya faɗa mini, yana kallon taga don kada mu haɗa ido, wai golf za mu kalla, kuma 'yan mata ɗaliban jami'a ne za su buga. Na ce da ya faɗa tun daren jiya da na yi zamana a gida, na rama barcin da bambancin sa'o'i ya cinye mini tun zuwana Kalifoniya. Ya yi dariya ya ce ai shi ya sa bai faɗa ba.

Abin da na sani game da golf, wanda wasu gidajen rediyonmu ke kira ƙwallon lambu, daga bayan shinge na san shi. In ka wuce ta gefen filin da yamma za ka hango manya, tsofaffin hafsoshi da manajojin banki, suna takawa a hankali hannu a aljihu, yaro yana biye da jakar sanduna a kafaɗa, jakar ta kusa kai shi tsawo. Hoton da na ɗauko daga gida ke nan: mai kuɗi a gaba, ɗan talaka a baya da kaya. Da shi na sauka a tashar Palo Alto.

Daga tashar wata miƙaƙƙiyar hanya ce mai itatuwa masu kama da dabino dama da hagu, tana kai ka tsakiyar Jami'ar Stanford. Mutanen wurin "Gona" suke ce wa jami'ar, kuma ba kirari ba ne kawai. Gonar kiwon dawakin Leland Stanford ce, attajirin jiragen ƙasa wanda ya taɓa yin gwamnan jihar. Ɗansa tilo ya rasu da zazzaɓin taifot a 1884 yana ɗan shekara 15, sai shi da matarsa Jane suka kafa makarantar da sunan yaron, aka buɗe ta a 1891. Filinta ya haura eka 8,000. Wanda ke da wannan ƙasa ba zai rasa inda zai shimfiɗa ramuka 18 ba, kuma a 1930 aka buɗe filin golf ɗin, can bayan gine-gine, inda tsaunuka suka fara tasowa. Tasi muka hau zuwa can, don na gaya wa yaron ƙafata ba ta ɗaliban jami'a ba ce.

Watan Oktoba ne, lokacin da ƙungiyar matan jami'ar kan karɓi baƙuncin wasu jami'o'i a gida. Babu mai karɓar kuɗi a ƙofa, babu ganga, babu tuta a hannun kowa. 'Yan kallon iyaye ne akasari, da wasu tsofaffi masu hular rana. Shirun wurin ya fara damuna. Muka tsaya a wurin bugun farko, wanda ke kan tudu, kwalta ta ratsa ƙasansa motoci suna wucewa. Wata yarinya siririya, da ba za ta wuce shekara 19 ba, ta ɗora ƙwallo a kan ɗan tsinke, ta kalli nesa sau biyu, ta juya jikinta gaba ɗaya. Ƙarar kamar an karya busasshen kara. Ƙwallon ta tsallake kwalta ta ɓace mini a sararin sama, sai da yaron ya nuna mini da yatsa na ga ɗan farin ɗigo yana gangarawa can ƙasa.

Abin da ya biyo baya shi ya riƙe ni har yamma. Yarinyar ta mayar da sandarta cikin jaka, ta kama hannun wata 'yar kura mai ƙafa uku, ta tura kayanta ta gangara. Wadda ta bi bayanta ma a baya ta goya tata jakar. Na dubi hagu na dubi dama, ina neman yaran da za su karɓa. Babu ko ɗaya.

"Kawu, a gasar jami'o'i ba a ɗaukar wa kowa kaya," in ji shi. "Mai bugu shi ke ɗaukar jakarsa."

Ramuka 18 a irin wannan fili tafiyar kilomita bakwai ce ko fiye, hawa da gangara, kuma akwai gasar da ake yin ramuka 36 a yini ɗaya, tun fitowar rana har faɗuwarta. Ita kanta 'yar kurar tana da labari. A 2014 'yan wasan maza na Stanford sun je gasar ƙasa suna tura ta, wasu ƙwararrun 'yan golf suka yi musu ba'a a intanet, wai namiji a kafaɗa yake ɗaukar jaka. A wannan gasar ɗan Stanford, Cameron Wilson, shi ya zo na ɗaya, yana tura kurarsa. Ashe gardamar abin da ya dace da namiji ba a majalisar unguwarmu kaɗai ake yin ta ba.

A gindin wata bishiya kusa da rami na uku muka sami wata dattijuwa 'yar sa-kai a kan kujerar naɗewa, tana karɓar lissafin bugu daga bakin 'yan wasa tana turawa ta waya. Da ta ga baƙo ne ni, ta ɗauki nauyin wayar mini da kai, da murya ƙasa-ƙasa kamar muna ɗakin jinya. Golf wasan mutum ɗaya ne, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Jami'o'i suka mayar da shi na taro. Kowace makaranta tana fito da mutum biyar, a ƙarshen yini a ɗauki lissafin huɗun da suka fi kyau a tara, a jefar da na biyar. Wato kullum ana yafe wa mutum ɗaya, amma ba wanda ya san ko shi ne za a yafe wa, don haka ko ranarka ta ɓaci ba ka da damar sakin jiki. Wataƙila ta wata ta fi taka ɓaci, lissafinka ne za a ɗauka. Kuma ba alƙali ke rubuta bugu ba. Abokiyar hamayyarki ce ke riƙe da katinki, ke ki riƙe nata, a ƙarshe ku sa hannu. Wadda ta sa hannu a kan bugun da bai kai wanda ta yi ba, an kore ta daga zagayen. Na tuna yadda muke rantsuwa da abin da ya fi ƙarfinmu a kan ko ƙwallo ta fita layi a filin unguwa, na yi shiru.

A nan na yi abin kunya. Wata 'yar wasa ta sunkuya za ta tura ƙwallo rami, tazarar bai fi taku uku ba, sai wayata ta ɗauki kiɗa daga aljihu, kira daga gida. Ta miƙe ta ja da baya. Ba wanda ya ce mini uffan, amma idanu kusan ashirin suka sauka a kaina. Da zagi aka yi da ya fi mini sauƙi. Ta sake shiri, ƙwallon ta faɗa, na yi ajiyar zuciya fiye da uwarta.

Sunan da kowa ya sani a wannan fili Tiger Woods ne. Ya shigo jami'ar a 1994 yana karatun tattalin arziki, ya yi shekara biyu, ya ci gasa 11, har da kambin ɗan wasa na ɗaya a jami'o'in Amurka a 1996, sannan ya ajiye karatu ya shiga wasan kuɗi a watan Agustan shekarar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne bai taɓa ɗaukar kofin ƙungiya ba. Stanford ta ci kofin a 1994, watanni kafin ya iso, bayan shekara 41 tana jira. Bayan ya zo, a 1995, suka yi kunnen doki da Oklahoma State, aka yi bugun raba gardama suka faɗi. Tsarin huɗu cikin biyar bai san gwani ba. Ƙungiyar 1994 ɗin kuwa abin kallo ce: akwai Notah Begay, daga 'yan asalin ƙasar Amurka, akwai Casey Martin, wanda aka haifa da ciwon jijiyoyin jini a ƙafar dama, wanda daga baya ya kai masu shirya gasar ƙwararru ƙara don a bar shi ya hau 'yar mota tsakanin ramuka, Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya a 2001. Akwai kuma Conrad Ray, wanda ya dawo ya zama kocin maza a 2004, ya ci kofin a 2007 da 2019. A lissafin jami'ar, maza sun ɗauki kofin ƙasa sau tara tun daga 1938. Tom Watson ma nan ya yi karatu kafin ya je ya ci manyan kofuna takwas.

Na mata kuwa jiya-jiya aka fara ƙirga shi, kuma dattijuwar nan ta san dalili, don ta ga zamanin. Ta ce lokacin da take budurwa yarinya ba ta jin labarin an biya wa wata kuɗin makaranta saboda wasa. Abin da ya juya al'amarin doka ce da Shugaba Nixon ya sa wa hannu ranar 23 ga Yuni, 1972, wadda ake kira Babi na Tara. Jimlar da ke ɗauke da ita kalma 37 ce, kuma ko sunan wasanni babu a ciki. Abin da ta ce kawai, makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba za ta nuna bambanci tsakanin mace da namiji ba. Da aka zo aiki da ita sai ta faɗa kan filin wasa, inda bambancin ya fi fitowa fili. Duk da haka sai 1982 hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta fara shirya gasar golf ta mata. Kafin nan wata ƙungiya ta mata ce ke riƙe da ita da ɗan abin da ta samu.

Wani abu ya fito daga dokar wanda ya ba ni mamaki. Shekara da shekaru, har zuwa 2025, ƙa'idar manyan jami'o'i ita ce ƙungiyar golf ta maza tana da gurbin tallafin karatu huɗu da rabi, ta mata tana da shida. Na mata ya fi. Ba don an fi son su ba ne. Ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, wadda maza kaɗai ke bugawa, a lokacin tana cinye gurbi 85 ita kaɗai, sai a nemi cike giɓin a sauran wasanni. Shi ya sa a wancan lokaci kocin maza kan yanka gurabensa gunduwa-gunduwa, wannan rabi, wancan kwata, kamar rabon nama a gidan yawa. A makarantar da kuɗin karatu da ɗaki da abinci ya haura dala 80,000 a shekara, ko kwata ba abin rainawa ba ne. A 2025 wata yarjejeniyar kotu ta soke wannan iyaka, ta maye gurbinta da iyakar yawan 'yan wasa, tara a kowace ƙungiya.

Ni a ganina darasin a fili yake, ko da ba ya yi wa wasu daɗin ji. Ba kyakkyawar zuciyar shugabannin jami'a ce ta ba 'yan matan nan fili da koci da tikitin jirgi ba. Tsoron rasa kuɗin gwamnati ne. Zuciyar daga baya ta biyo, bayan an ga kofuna.

Kofunan kuwa sun zo. A 2012 jami'ar ta ɗauko Anne Walker, 'yar Sikotland, ta ba ta ƙungiyar mata, ita da ta yi wasanta a Berkeley, babbar kishiyar Stanford. A 2015 aka sake wa gasar ƙasa ta mata fasali: bayan an gama ƙidayar bugu, jami'o'i takwas da ke sama su koma karon gaba-da-gaba, biyar da biyar, wanda ya ci uku ya wuce. Stanford ta kai ƙarshe ta haɗu da Baylor a jihar Fulorida. Aka yi biyu da biyu, komai ya rataya a kan Mariah Stackhouse, baƙar fata daga jihar Jojiya, wadda abokiyar karonta ke gabanta da rami biyu, saura rami biyu a tashi. Ta ci na 17, ta ci na 18, aka ƙara musu ɗaya ta cinye shi. Kofin golf na mata na farko ke nan a tarihin makarantar. Ita ce kuma, tun tana aji ɗaya a 2013, ta zagaye wannan filin da nake tsaye a kai da bugu 61, goma ƙasa da ƙa'ida. Na ce wa yaron ya sake faɗa mini launin fatarta. Ya ce, "Kawu, irinmu ce." Ban san me ya sa hakan ya yi mini daɗi haka ba, ni da ban san da ita ba da safe.

Sai Rose Zhang, wadda iyayenta suka zo daga Sin. Shekara biyu ita ma ta buga wa jami'ar, kamar Tiger. Ta shiga gasa 20 ta ci 12, shi kuwa 11 ya ci cikin 26. Ta zama mace ta farko da ta ci kambin ƙasa sau biyu, 2022 da 2023, kuma a 2022 ɗin ƙungiyarta ta ɗauki kofi. Makonni biyu bayan kambinta na biyu ta shiga gasarta ta farko ta kuɗi ta cinye, abin da rabon a gani tun 1951. Inda ta bambanta da Tiger, ba ta yi sallama da aji ba, ta ci gaba da dawowa karatu tsakanin gasa. Bayan tafiyarta ma matan suka sake cin kofi a 2024, suka kai ƙarshe a 2025 Northwestern ta doke su. Yau in ka tambayi mutumin Palo Alto labarin golf ɗin jami'arsu, da mata zai fara.

Muka yi azahar a bayan wasu itatuwa kusa da rafin da ya ratsa filin, a kan ciyawar da ta fi dardumar ɗakina laushi, sannan muka bi wata tawaga zuwa rami na 12. Wannan rami mugunta aka yi a cikinsa da gangan: manyan itatuwa ne tsaye a tsakiyar hanyar ƙwallo, sai ka zaɓi dama ko hagu tun daga tudu. Wata yarinya ta tsaya tana shawara da kocinta, wadda doka ta yarda ta ba ta shawara amma ba ta taɓa mata jaka ba. Suka duba ɗan littafin awo, suka jefa ciyawa sama don ganin iska. Ta buga, ƙwallon ta je ta kwanta daidai bayan bishiyar. Kocin ta dafa kafaɗarta ta wuce wurin wata. Yarinyar ta tura kurarta ita kaɗai zuwa inda ta jefa kanta.

Kada mai karatu ya ɗauka na dawo da labarin aljanna. Na tambayi yaron yadda ake kai wa nan, ya lissafa mini. Yaro yakan fara tun yana shekara shida ko bakwai, da malami na kuɗi. Daga shekara 12 zuwa sama iyaye su riƙa yawo da shi jiha-jiha gasar matasa, jirgi da otal da kuɗin shiga duk daga aljihunsu, don kocin jami'a ya gan shi. Bayan haka sai takardun makarantarsa sun yi kyau, don Stanford ba ta kai mutum biyar cikin ɗari na masu nema take ɗauka ba. Kujerun kocin ma attajirai ne suka yi waƙafin albashinsu, sunan mai waƙafin yana manne da muƙamin. Filin atisayen da aka ware wa ƙungiyoyin biyu, wanda maza da mata ke amfani da shi tare, shi ma sunan mai kyauta ne a kansa. Ɗan talaka bai ɗauki jaka a nan ba, gaskiya ne, amma ban ga alamar yana da yawa cikin masu bugun ba. Shingen da na sani a gida yana nan, an dai matsar da shi baya, inda ɗan kallo ba ya ganinsa.

Da la'asar muka hau tudun rami na 18. Iska ta share hazo, sai ga gine-ginen San Francisco can nesa, ga ruwan teku yana ƙyalli a dama. Waɗanda suka gama wasa ba su tafi ba. Sun jeru a gefen rami da rigunansu iri ɗaya suna jiran ta biyar ɗinsu, wadda tun daga nesa tafiyarta ta nuna ranar ba tata ba ce. Da ƙwallonta ta faɗa suka yi mata tafi kamar ita ta zo na ɗaya, ta cire hula ta gaisa da abokan karonta, suka shiga rumfa suka zauna karanta wa juna lissafi rami bayan rami. Ɗaya daga cikin masu jiran har ta buɗe kwamfuta a kan cinya, yaron ya leƙa ya ce aikin aji take yi. Gobe Litinin.

A jirgin komawa ya tambaye ni, "To Kawu, da barcin da wannan, wanne ya fi?" Na ce ƙafafuna ya tambaya. Wayarsa ta nuna mun taka kilomita tara, kuma ni ko goran ruwa ban ɗauka ba, shi ya riƙe mini tun safe.